Tunawa da Farfesa Ahmad Zuwail: da ya zauna a Masar, da ya kai inda ya kai?

Malamin Kemistiri:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau 2 ga Agusta, rana irin ta yau ce a 2016 Allah ya yi wa Farfesa Ahmad Zuwail rasuwa a Amurka yana da shekara 70, tun safe nake lelleƙa zaurukan nan namu ban ga ko mutum ɗaya da ya tuna da shi ba kuma wallahi abin ya dame ni. Mutumin nan fa shi ne Balaraben farko da ya ci kyautar Nobel a ɓangaren kimiyya, a 1999, kuma ta kemistiri ta waccan shekarar shi kaɗai aka miƙa wa ba a haɗa shi da kowa ba. A garin Damanhur na ƙasar Masar aka haife shi a 1946, ya tashi a garin Dasuƙ bakin kogin Nilu, mahaifinsa ma'aikacin gwamnati ne ba wani hamshaƙi ba. Digirin farko da na biyu duk a jami'ar Iskandariyya ya yi su, a 1969 ya tafi Amurka jami'ar Fensilbaniya ya yi digirin digirgir, ya yi shekara 2 a jami'ar Berkeley, daga 1976 har ya koma ga mahaliccinsa yana jami'ar Caltech a Kalifoniya yana koyarwa yana yaye ɗalibai. Allah ya jiƙansa ya gafarta masa. Wanda ya san wani abu a kansa ya ƙara mana.

Hajiya Famasis:
Allahu akbar. Allah ya jiƙansa da rahama ya sa ya huta. Ciwon daji ne na ɓargo ya yi fama da shi a ƙarshen rayuwarsa, Allah ya sa kaffara ne.

'Yar Aji Huɗu:
Amin ya Allah

Ɗan Kwari:
Amin. Amma Malam don Allah a yi mana da Hausa, mu da muka rabu da boko tun sakandare. Wai me ya gano ne takamaimai? Kullum sai dai mu ji an ce wane ya ci Nobel wane ya ci Nobel, a yi ta tafi, ba wanda zai zaunar da kai ya ce ga abin da ya yi.

Malamin Kemistiri:
Alhaji tambayarka a kan hanya take, bari in gwada. Ka san komai na duniyar nan an gina shi ne da ƙwayoyin zarra, su ne suke kama juna su zama ruwa ko gishiri ko fetur. In aka ce sinadari ya rikiɗe ya zama wani, kamar itace ya ƙone ya zama hayaƙi da toka, abin da ya faru shi ne wasu ƙwayoyin sun saki juna wasu sun kama wasu. To masana sun daɗe da sanin abin da aka zuba da abin da ya fito, amma tsakiyar nan, daidai lokacin da ake sakin da kamun, ba wanda ya taɓa gani. Tun 1935 wasu masana biyu Eyring da Polanyi suka yi bayaninsa a lissafi, amma aka tafi a kan cewa saurinsa ya fi ƙarfin kowace na'ura.

Shi kansa marigayin da doki yake ba da misali. In doki na sukuwa idonka ba zai iya gaya maka ko akwai lokacin da ƙafafunsa huɗu suke barin ƙasa gaba ɗaya ba, an yi ta musu a kai har sai 1878 da wani mai hoto a Kalifoniya ya jera kyamarori a gefen hanya kowacce ta ɗauka ɗaya bayan ɗaya, aka ga lallai yana tashi sama gaba ɗaya. To abin da Zuwail ya yi wa ƙwayoyin zarra ke nan. Ya yi amfani da hasken leza mai walƙawa ya ɗauke cikin femtosakan, walƙiyar farko ta tayar da rikiɗar, ta biyu ta biyo baya da ɗan jinkiri ta leƙa inda aka kwana, sai a sake a ƙara jinkirin kaɗan, a sake a ƙara, har a haɗa hoton tafiyar gaba ɗaya. A 1987 suka yi da wani sinadari mai suna ICN suka ga ƙwayar aidin da ke cikinsa tana rabuwa da sauran cikin femtosakan wajen 200.

Ɗan Kwari:
Femto me? 

Malamin Kemistiri:
Femtosakan. Ka raba daƙiƙa ɗaya gida miliyan, ka ɗauki ɗaya ka sake raba shi gida biliyan, ɗaya daga ciki shi ne. Yadda daƙiƙa ɗaya take in ka ajiye ta kusa da shekara miliyan 32, haka femtosakan yake kusa da daƙiƙa ɗaya. Haske da yake kaiwa wata daga nan cikin daƙiƙa ɗaya da 'yan kai, a femtosakan ɗaya ko kaurin silin gashi ba ya ƙetarewa, ko kusa ma.

Ɗan Kwari:
Subhanallahi. To na ji, amma wace tsiya wannan ya tsinana wa talaka? Ba raini ba ne wallahi, tambaya ce.

Hajiya Famasis:
Alhaji bari ni in amsa maka don ya shafi aikina. Gaskiya ba zan ce maka ga ƙwayar magani a kanti da sunan Zuwail a jikin kwalinta ba, irin bincikensu ba haka yake aiki ba. Shi ido ya buɗe wa mutane. Da irin wannan hanyar ta leza aka gano cewa matakin farko na ganin da kake yi yanzu kana karanta saƙon nan, wani ɗan sinadari ne a cikin idonka yake lanƙwashewa in haske ya taɓa shi, kuma cikin femtosakan wajen 200 yake gamawa. Da ita ake nazarin yadda ganye yake kama hasken rana, da yadda za a inganta farantan sola, da yadda hasken rana yake lalata wasu sinadarai. Mu da muke ce wa mutane kar a ajiye wannan maganin a rana, a bar shi a kwalbarsa mai duhu, akwai masu zama su bi dalilin har ƙasa. Daga baya ma ya koma haɗa lezar da madubin ilekturon, na'urar ganin ƙananan abubuwan da ido ba ya gani, don a ga abu yana motsi ba a tsaye kawai ba, a kan wannan yake har ya rasu.

Ɗan Kwari:
Na gamsu Hajiya, Allah ya saka. Amma ga inda nake da magana kuma ku yi haƙuri. Masar ce ta haife shi ta koyar da shi har digiri biyu, ya tafi ya ba Amurka shekara 47 na rayuwarsa, a 1982 ya karɓi takardar zama ɗan ƙasarsu, Nobel ɗin ma in ka duba jadawali Caltech ce take ƙirga ta. Mu kuma mu zo nan muna namu ne namu ne. Kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi ke nan. Irin abin da likitocinmu suke mana yanzu ne sak.

Ɗalibin Alƙahira:
Kawu ina nan Masar ina karatu, kuma wannan maganar taka su kansu Misirawan suna yin ta a tsakaninsu har gobe, ba kai ka fara ba. Sai dai a yi masa adalci. Yana cin Nobel ya dawo da maganar a gina cibiyar kimiyya ta gaske a ƙasar, a ranar 1 ga Janairun 2000 aka aza harsashin ginin zamanin shugaba Mubarak, daga nan aikin ya kwanta fiye da shekara 10 ba abin da ya motsa, sai bayan juyin juya halin 2011 aka farfaɗo da shi aka sa masa suna Birnin Zuwail na Kimiyya da Fasaha, yana can birnin 6 ga Oktoba wajen Alƙahira, a 2013 suka ɗauki ɗaliban farko. Talakawa ma sun ba da gudummawar kuɗi. Kuma ba lami lafiya aka yi ba, an yi doguwar rigima da jami'ar Nilu a kan fili da gine-gine har kotu, ɗaliban waccan jami'ar sun yi zaman dirshan, kuma akwai waɗanda har yau suke ganin bai kyauta musu ba. Ni dai abin da na gani shi ne mutum mai shekara 65 da ya riga ya samu duk abin da ake nema a duniyar ilimi, ya dawo ya tsunduma cikin wannan ciwon kan yana yawon neman kuɗi, daga baya ga jinya. Da ya rasu nan aka kawo shi aka yi masa jana'izar soja, shugaba Sisi na wurin, kuma a nan aka binne shi.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum, ina biye da ku tun ɗazu. Ni ina bayan Alhaji kaɗan. Mu a Nijar muna da Farfesa Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, ya yi karatun fiziks a Faransa ya kai matakin da da ya so zama can ba mai hana shi, amma ya dawo Afirka, ya riƙe ofishin binciken makamashin rana na Nijar tun 1969 shekara da shekaru, yana ƙera tukunyar dafa abinci da na'urar ɗumama ruwa da zafin rana tun lokacin da ba wanda ya damu da sola, ya shugabanci jami'ar Yamai, ya rasu a 1991 kuma yau sunansa jami'ar take ɗauke da shi. Bai ci Nobel ba, amma ɗalibansa a nan suke. To wanne ya fi mana amfani?

Malamin Kemistiri:
Allah ya jiƙan Abdu Mumuni, babban mutum ne. Amma ɗan uwa ka duba irin aikin kowannensu. Shi kayan aikinsa rana ce da madubi da ƙarfe, kuma ranar ta fi yawa a Yamai a kan Faris, dawowarsa gida ita ce daidai ko ta fuskar binciken ma. Shi kuwa Zuwail lezar da yake buƙata ko a Amurka ɗakunan gwaji ƙalilan ne suke da irinta a lokacin, tana son wutar da ba ta ƙiftawa da teburin da ko taku ba ya girgiza shi da injiniyan da zai gyara ta in ta lalace a ranar. Da ya zauna Iskandariyya zai zama malami nagari, wannan ba shakka, amma femtosakan sai dai wani ya gano.

Ɗan Damagaram:
To ai shi ke nan kullum haka za a yi ta cewa, babu kayan aiki sai a tafi, an tafi kuma wa zai matsa a kawo kayan aikin?

Baba Mai Ritaya:
Yara ku bari in sa baki. Ni ba farfesa ba ne, ma'aikacin lab ne, rayuwata duka a cikin warin asid da wankin kwalabe na yi ta har na yi ritaya. Kuna ta maganar ya tafi bai tafi ba, ni abin da nake so ku duba shi ne hannun da ya bi ta ciki. Yaron nan tun yana ƙarami iyayensa suka rubuta Dakta Ahmad suka liƙa a ƙofar ɗakin karatunsa. Ya ɗauki ɗan risho da mahaifiyarsa take dafa gahawa da shi ya haɗa da bututun gilashi yana ƙona itace a ɗakinsa don ya ga iskar da take fita, ba a kwaɗe shi an ce zai ƙona gida an ƙwace ba. A jami'a malamansa ne suka ce tashi ka tafi waje, ɗayansu ma a Fensilbaniyar ya yi karatu. Lokacin kuwa an gama yaƙin Larabawa da Isra'ila na 1967, Masar da Amurka ba sa ga maciji, gwamnati Rasha da ƙasashen gabashin Turai take tura ɗalibai, sai da ya nemo tallafin karatu da kansa daga jami'ar can. Ya isa Turancinsa bai nuna ba, ya faɗa hannun Farfesa Robin Hochstrasser, mutumin Sikotilan, ya riƙe shi har ya gama a 1974. A kowace gaɓa akwai babban da ya ga yaro ya ce wannan ba zan bari ya lalace ba.

Na yi aiki da malamai iri biyu. Akwai wanda in ɗalibi ya fasa bututun awo sai ya tsayar da shi gaban aji ya zage shi tas ya ce sai ya biya, yaron nan ba zai sake taɓa komai da sakin jiki ba har ya gama. Akwai wani kuma, Allah ya jiƙansa, in an tashi ƙarfe huɗu shi sai ya cire babbar riga ya rataye a ƙofa ya naɗe hannun 'yar ciki, ya tsaya bayan ɗalibi yana kallon yadda yake sakin ruwan ɗigo ɗigo, ya kama hannunsa ya gyara masa riƙon famfon, ya ce hagu ke riƙe famfo dama ke juya kwalba, sake. Har magariba. In sinadari ya ƙare daga aljihunsa yake ba ni kuɗi in je in sayo. Duk ɗaliban da na ji sun zama wani abu a fannin nan ta hannunsa suka bi, kuma kayan aikin ɗaya ne da na wancan mai zagin, lab ɗaya ne ma.

'Yar Aji Huɗu:
Baba wallahi kamar ka san abin da ke raina, har na yi ƙwalla. Ni yanzu haka ina kan furojet ne, sufabaizana tun farkon zango nake bin sa, in na je ofis a ce ya tafi taro in na kira ba ya ɗauka, ranar da na same shi ko buɗe fayil ɗin bai yi ba ya ce in je in sake babi na biyu, ban san me zan sake ba. Samfurin ruwan rijiyoyin da na ɗebo na unguwarmu yana nan a firij ɗin maƙwabta har na fara tsoron ya lalace, na'urar da zan auna dalma da ita an ce ta lalace tun kafin mu shigo, sai dai in biya a wani wuri. Ni da na shigo da son kemistiri kamar me, yanzu so nake kawai in gama in huta.

Hajiya Famasis:
Ƙanwata kar ki karaya. Ki min magana ta gefe, akwai abin da ake ɗigawa a samfurin ruwa don ƙarfen ciki kar ya manne a jikin roba kafin a auna, in ba a sa ba tun farko gara ki sake ɗebowa da ki auna abin da zai ba ki sakamakon ƙarya. Aikinki mai muhimmanci ne, kin san dalmar nan ita ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 wajen haƙar zinare. Ba ƙaramin abu kika ɗauko ba.

'Yar Aji Huɗu:
Na gode Anti, zan yi miki magana yanzu in sha Allah. Asid ɗin ne ko? Ban sa ba gaskiya, ba wanda ya gaya min.

Hajiya Famasis:
Shi ne. Za mu yi magana.

Malamin Kemistiri:
Kun ga abin da Baba yake faɗa ke nan a gabanmu. Kuma shi ma Zuwail abin da aka yi masa ya yi wa na bayansa. Takardar nan ta 1987 da ta girgiza duniya, sunan ɗalibinsa Marcos Dantus ne a farko, sai Mark Rosker, nasa ne na ƙarshe. Dantus ɗin nan yau babban farfesa ne a jami'ar jihar Michigan yana da nasa ɗaliban. Mutanen da suka bi ta lab ɗinsa suna warwatse a jami'o'in duniya.

Ɗalibin Alƙahira:
Malam a nan kam al'adar fannin ce, mai lab sunansa a ƙarshe yake zuwa, ba wai kawaici ne na musamman ba.

Malamin Kemistiri:
Haka ne, amma al'adar ai ita nake yabo. Wanda ya kwana a lab shi ne a gaba. Nawa ne a cikinmu suka ga an ɗauki furojet ɗin ɗalibi sukutum an buga a mujalla an nemi ƙarin girma da shi, sunan yaron ko a godiya bai fito ba?

Baba Mai Ritaya:
Na gani da idona, ba sau ɗaya ba.

Ɗan Kwari:
To ni dai har yanzu ban sauka daga maganata gaba ɗaya ba, don ko Obama ma ai ya ɗauke shi cikin masu ba shi shawara kan kimiyya a 2009 ya kuma naɗa shi jakadan kimiyya zuwa ƙasashen Musulmi, wato dai su suka fi cin moriyarsa har ƙarshe. Amma na yarda ba shi ne abin zargi ba, waɗanda suka bar harsashin gini shekara 11 ciyawa na fitowa su ne. Kuma mu ma 'yan kasuwa da laifinmu, za mu kashe miliyoyi a biki ɗaya amma ban taɓa jin an zo Kwari ana tara kuɗin lab ɗin wata makaranta ba, kuma da an zo da an samu. Malam makarantarku me kuke da shi?

Malamin Kemistiri:
Alhaji kar ka tono min ciwo. Ɗaki ne dai an rubuta lab a ƙofarsa. Yaran da za su zana jarrabawar fita ba sa taɓa bututun awo sai saura 'yan kwanaki, a aro daga wata makaranta a yi a mayar. Abin da nake yi musu shi ne in jiƙa zoɓo in tace in zuba a kofunan roba, wannan a matsa masa lemon tsami ya ƙara ja, wancan a zuba masa ruwan kanwa ya koma kore-kore mai duhu, daga nan in shiga bayanin asid da kishiyarsa. Ranar da na fara yi wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba ta je gida ta gwada da ruwan toka da omo da tsamiya, ta dawo da sakamakon a rubuce a bayan littafinta ta jera su daga mai ja zuwa mai kore, ba wanda ya sa ta. Ita ce take raina tun safe da nake maganar Zuwail.

Baba Mai Ritaya:
Malam wannan yarinyar kar ka sake ta. Ina da bututun awo guda biyu da ma'auni ƙarami da na saya da kuɗina tun ina aiki, suna cikin kwali a ɗaki ba abin da suke yi, kuma ƙafata da sauran ƙarfi. In shugaban makarantarku ya yarda zan riƙa zuwa ranar Asabar in nuna musu riƙon kayan.

Ɗan Kwari:
Ku rubuto min abin da ake buƙata da kuɗinsa, na ajin gaba ɗaya ba na mutum biyu ba. Ban yi alƙawarin duka ba amma zan nuna wa mutanen layinmu.

Ɗan Damagaram:
In kun rubuta ku sako shi nan cikin zaure don Allah, akwai wani ƙanena da yake koyarwa a wani kwaleji a nan, matsalar ɗaya ce. Malam zoɓon busasshe kake jiƙawa ko sai an tafasa?

Malamin Kemistiri:
Busasshe, a ruwan zafi ya fi saurin fita, amma kar a sa sukari ko citta, kuma a sirka shi da ruwa sosai don in ya yi kauri canjin launin ba ya fitowa. Baba zan ga shugaban makaranta ranar Litinin in sha Allah, duk yadda muka yi zan kira ka. Alhaji lissafin zai zo maka gobe da daddare, sai na tambayi farashin asid da na kwalabe tukuna.